Zaɓen Tsirran Ruwa Ga Akwatin Kifi Mai Ƙarancin Haske: Jagora Ga Mazauna Maradi

Yawancin hotunan akwatunan kifin ado da ake gani a intanet, masu kore shar da jan ganye a baya, a ƙasashen sanyi aka ɗauke su, ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, kuma akwai tukunyar iskar kabon da ke hura wa ruwan iska a kai a kai. Namu akwatin a falo yake ko a ɗakin kwana, taga a rufe saboda ƙura, fitila ɗaya ce a samansa, wuta ta zo ta tafi. Duk da haka ana iya raya tsirrai masu rai a cikinsa su yi kyau, kifi ya samu wurin ɓuya, ruwa ya daɗe bai lalace ba. Sai dai a Maradi tambaya biyu ake yi wa kowane tsiro kafin a ba da kuɗi. Ta farko, yana jure inuwa? Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci a nan, zai rayu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40? Tsirran da ke jure inuwa suna da yawa. Waɗanda ke jure inuwa da zafi tare kaɗan ne, kuma su za mu nema.

Mataki na farko: auna akwatinka da haskensa

Ɗauki ma'auni ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Abin da ya fito shi ne yawan litar ruwa. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 35 yana cin lita 63. Sannan duba jikin kwalin fitilarka, za ka ga an rubuta lumen, wato yawan hasken da take fitarwa. Tsirran inuwa suna wadatuwa da lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita, saboda haka akwatin lita 60 yana son tsakanin lumen 600 da 1200. Ƙwan LED na wat 9 ko 10 da ake sayarwa a kasuwa yakan ba da kusan lumen 800. Ka zaɓi mai farin haske, wanda aka rubuta wa 6500K. Idan zurfin akwatin ya wuce santimita 45, hasken da ke kaiwa ƙasa yana raguwa ƙwarai, sai ka karkata zuwa lumen 20.

Awa 6 zuwa 8 a yini sun isa. Kada ka ce tunda hasken ba shi da ƙarfi bari ka bar shi awa 14 ya rama. Tsirran inuwa a hankali suke girma, ba za su iya cinye wannan hasken ba, gansakuka ce za ta ci moriyarsa ta rufe gilashi da ganye. Haka nan kada ka aje akwatin inda rana ke faɗowa kai tsaye ta taga, domin ranar Maradi ta awa biyu kawai tana iya dafa ruwan ta kuma mai da shi kore. Game da ɗaukewar wuta kuwa, ka kwantar da hankalinka: waɗannan tsirrai suna iya yin kwana biyu ko uku a duhu ba abin da zai same su. Kifi ne ke shan wuya idan injin iska ya tsaya, shi ya sa mai faifan sola ya kamata ya fara haɗa injin iska kafin fitila.

Mataki na biyu: san zafin ruwanka

Sayi ma'aunin zafi na cikin ruwa, ba shi da tsada. Kafin ka sayi ko ganye ɗaya, cika akwatin da ruwa ka riƙa duba ma'aunin da asuba da kuma bayan la'asar har mako guda. Yawancin tsirran da ake sayarwa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28. A bazara, ruwan da ke ɗaki mai rufin kwano ba silin yana haura 30 ba wuya. Idan naka yana kai 33 ko 34 ya zauna a haka, to wurin ajiyar za a fara canjawa tukuna: ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da bangon da ranar yamma ke duka. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri 2 zuwa 3, kuma a busasshiyar iskarmu tana aiki sosai, sai dai ruwa zai riƙa raguwa da sauri. A buɗe murfin akwatin a sa raga a madadinsa don kada kifi ya yi tsalle. Zuba ƙanƙara kai tsaye ba dabara ba ce, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma da dare tsirrai ma shaƙarta suke yi maimakon fitar da ita. Idan ka ga kifi da asuba ya taso sama yana haki, a ƙara motsin ruwa da dare. A ɗaya gefen kuma, daren hunturu a Disamba da Janairu yana iya saukar da ƙaramin akwati ƙasa da digiri 20. Tsirran za su rage girma ne kawai, amma a rufe murfi da dare saboda kifin.

Mataki na uku: tsirran da suka cancanci kuɗinka

Na farko a wurina, ba na ko shakka, shi ne Anubiyas. Idan za ka yi odarsa, cikakken sunansa Anubias barteri, ƙaraminsa kuma ana ƙara masa nana. Ɗan yankinmu ne, daga dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru da tsibirin Biyoko, kuma sunan barteri na Charles Barter ne, masanin tsirrai da ya bi ayarin Bature mai bincike William Baikie a kogin Kwara a 1857. A can yana tsirowa ne a bakin rafuka ƙarƙashin manyan bishiyoyi, manne da duwatsu da kututture, wani lokaci ruwa ya rufe shi wani lokaci ya janye. Wannan rayuwar ce ta sa ya dace da mu. Inuwa ba ta dame shi ba, ba ya neman ƙasa, kuma ganyensa mai kauri ne da kifi ba ya iya yagawa da sauƙi. Yana jure ruwa mai digiri 30. Aibinsa ɗaya ne, jinkiri: ganye ɗaya a makonni uku ko wata guda. Da yake ganyen yana daɗewa, gansakuka tana samun lokacin zama a kansa idan haske ya yi yawa, don haka a sa shi a gefe ko ƙarƙashin inuwar wani tsiro, ba daidai saitin fitila ba.

Na biyu Mikrosorum, wanda ake rubutawa Microsorum pteropus, daga kudu maso gabashin Asiya. Dogon ganye gare shi mai tsini, kan kai santimita 20 zuwa 30. Shi ma manne wa itace da dutse yake yi, kuma yawancin kifaye masu cin ganye ba su kula shi. Abu biyu ke tsorata sabon mai shi. Ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da ke jere a bayan ganye ba cuta ba ce, ƙwayoyin haihuwarsa ne. Sannan tsohon ganye yakan fitar da ƙananan ƴaƴa a bakinsa, da ganyensu da saiwarsu. Ka bar su har su yi ganye uku ko huɗu, ka cire ka ɗaura a wani wuri, ka samu sabon tsiro kyauta. A tsananin bazara wasu ganyen sukan yi baƙi. A yanke su kawai, muddin karan da ganye ke fitowa daga jikinsa yana da ƙarfi zai sake tohowa idan damina ta sauka.

Na uku Kiripto, wato Cryptocoryne wendtii, daga ƙasar Siri Lanka. Wannan a yashi ake dasa shi, kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta samun ganye mai ruwan ƙasa ko ja-ja ba tare da fitila mai ƙarfi ba. Amma yana da wata ɗabi'a da ta sa mutane da yawa suka zubar da tsiro mai rai a shara. Idan aka canja masa ruwa ko wuri, ganyensa sukan narke su zama yauƙi cikin kwanaki kaɗan, har ka rantse ya mutu. Bai mutu ba. Ka tsince ruɓaɓɓen ganyen, ka bar saiwar a inda take, kada ka tono ta don dubawa. Cikin makonni biyu zuwa huɗu sababbin ganye za su leƙo, kuma su ne suka saba da ruwanka. Da zarar ka dasa shi, ka daina matsar da shi.

Na huɗu Balisneriya, Vallisneria spiralis, mai dogon siririn ganye da ake jerawa a bayan akwati. Tana son ruwa mai ɗan ma'adinai, irin na rijiya da famfo, kuma tana miƙa jijiya a ƙarƙashin yashi ta fitar da ƴaƴa. Ta fi ukun farko son haske, don haka ita ce za a ba wurin da ke ƙarƙashin fitila.

Na biyar Seratofilum, Ceratophyllum demersum. Ba shi da saiwa ko kaɗan, yawo yake yi a ruwa, ganyensa siri-siri a zagaye da kara. Ana samunsa a kusan duk duniya, har da ruwayen Afirka ta Yamma. Amfaninsa shi ne saurin girma. Yayin da Anubiyas da Kiripto ke ta jinkiri a watan farko, shi ne ke shanye dattin da kashin kifi ke saki a ruwa, ya hana gansakuka abinci. Ƴaƴan ƙananan kifayen ado irin gufi da moli ma a cikinsa suke ɓuya. Kada a binne gindinsa, ruɓewa zai yi. Yakan zubar da ganye a makon farko, sai a kwashe da raga.

Ga akwatin lita 60, abin da zan ba da shawara shi ne Anubiyas 2, Mikrosorum 1 ko 2, Kiripto 3, Balisneriya 5 ko 6, da damin Seratofilum cikin tafin hannu. Gara a dasa da ɗan yawa tun ranar farko da a riƙa sa ɗaya-ɗaya, domin akwatin da tsirransa suka yi kaɗan gansakuka ke riga su kama wuri.

Waɗanda za ka bari a hannun mai sayarwa

Akwai tsirran da kowace jagora ta ƙasashen waje ke yabawa a matsayin masu sauƙi, kuma da gaske suna jure inuwa, amma zafinmu ke kashe su. Egeria densa tana narkewa idan ruwa ya daɗe sama da digiri 28. Ƙwallon marimo, wani dunƙulen gansakuka na ado da ya yi suna a tafkin Akan na Japan, ruwan sanyi yake so, ƙasa da 25. Gansakukar Jaba, wadda tsiron ado ce da ake ɗaurawa a itace, tana yin rawaya ta daina girma a bazara. Bolbitis heudelotii ɗan Afirka ta Yamma ne kamar Anubiyas, ina kuma son ganyensa ƙwarai, amma ruwa mai gudu mai ɗan sanyi ya saba da shi, sai mai na'urar sanyaya ɗaki. Tsirrai masu ja wur da masu shimfiɗa a ƙasa, irin su Hemianthus callitrichoides na ƙasar Kuba, fitila mai ƙarfi da iskar kabon suke buƙata, ba na wannan akwatin ba ne.

Akwai kuma waɗanda ba tsirran ruwa ba ne sam, ana dai tsoma su ne don su yi kyau a shago. Dracaena sanderiana mai kama da gora da ake sawa a ofisoshi, da duk wani mai ganye mai fari-fari a gefe ko mai sheƙi da tauri da ke tsayawa ƙyam idan aka fito da shi daga ruwa, a yi masa tambayoyi. Watanni biyu ko uku zai yi a nutse ya ruɓe ya ɓata ruwa.

Mataki na huɗu: duba tsiro kafin ka biya

Yawancin waɗannan tsirrai daga Yamai ko Kano suke zuwa mana, kuma daga Yamai tafiyar ta fi kilomita 600 a mota. Saboda haka lokacin saye yana da muhimmanci. Ka yi oda daga ƙarshen damina zuwa hunturu, tsiron ya samu watanni ya kafu kafin bazara ta riske shi. Ka roƙi mai aikowa ya naɗe su a jiƙaƙƙen takarda cikin leda mai iska, a sa a kwali, ka kuma gaya wa direba kada a ɗora a saman mota ko kusa da inji.

Idan kana gaban mai sayarwa ne, ɗauki Anubiyas ko Mikrosorum ka matsa karan da ganye ke fitowa daga jikinsa da yatsa. Mai lafiya yana da tauri, kore ne, ba ya wari. Idan ya lotsa, ko ya yi ruwan ƙasa yana yauƙi, ko ka ji ɗoyi, mayar masa da abinsa ko da ganyen na sheƙi. Duba saiwa, fara ko mai ɗan kore ake so. Juya ganye ka nemi wani farin yauƙi mai ɗigo a ciki, ƙwan dodon koɗi ke nan. Baƙin gashi a bakin ganye kuwa gansakuka ce mai wuyar rabuwa. Sannan ka tambaye shi: “Malam, wannan a cikin ruwa ya girma ko a waje aka raine shi?” Gonakin da ke noma su sukan raine su a waje cikin danshi don sun fi saurin girma. Ba laifi ba ne, amma sanin haka zai sa ba za ka firgita ba idan tsofaffin ganye suka zube a makonnin farko.

Maganar tsirran tafki da gulbi

Wani zai ce ga kainuwa da bado a tafkin Madarunfa da kududdufan damina, me ya sa sai na saya? Gaskiya ne, kuma dukansu ana sa su a akwatin kifi a faɗin duniya. Kainuwa tana shanye datti sosai, saiwarta mai gashi tana ba ƙananan kifi mafaka. Sai dai a akwatin da haskensa ya riga ya yi kaɗan, duk abin da ke yawo a sama inuwa yake ƙarawa, don haka kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. Ba ta son raɓar da ke ɗigowa daga murfi. Bado kuma yana cika ƙaramin akwati da faffaɗan ganye idan ba a riƙa yanke masu tasowa sama ba.

Abin da ya fi damuna a nan lafiyar mutum ce. Ƙananan dodon koɗi da ke manne a tsirran ruwa mai kwanciya su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini da muka sani a ƙauyukan bakin ruwa. Ƙwayar ta fata take shiga, kai kuma hannunka kullum yana cikin akwati, yara ma suna tsoma nasu. Ban da wannan akwai matsattsaku da tsutsar mazari mai cin ƴaƴan kifi. Wanda ya ga lallai sai ya ɗebo, kada ya shiga ruwan ba takalmin roba, ya sa safar hannu, kuma kada tsiron ya ga akwatin kifi sai an killace shi.

Mataki na biyar: wanki da killacewa

Wannan ya shafi na saye da na tafki duka. Cire tsiron daga ƙaramar tukunyar roba, ka tsittsince audugar da ke naɗe da saiwa, ka kwance dalmar da aka ɗaure gindin da ita, ka yanke duk ganyen da ya lalace. Sannan ka jiƙa shi a ruwan alam, wanda ake kwantar da laka da shi a ruwan sha: babban cokali ɗaya a lita 4, kwana biyu. Yana kashe dodon koɗi da ƙwansa. Ga Anubiyas da Mikrosorum kaɗai ana iya amfani da jabel, wato ruwan wanke farin kaya, kashi 1 a kashi 19 na ruwa, kada ya wuce minti biyu, a ɗauraye sau da yawa har warin ya fita sarai. Kiripto da Balisneriya da Seratofilum ba su jure jabel. Bayan wanki a aje su a bokiti mai tsabta a wuri mai haske ba rana ba, mako guda ga na saye, mako biyu zuwa uku ga na tafki, ana canja ruwa ana dubawa.

Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga maganin cire kulorin idan ana samu.

Mataki na shida: dasawa

A nan ne ake yawan asarar Anubiyas da Mikrosorum. Suna da kwantaccen kara mai kauri irin na citta, ganye na fita ta sama, saiwa ta ƙasa. Idan aka binne wannan karan a yashi, ruɓewa yake yi, ganye su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaura shi ake yi. Samo dutse ko tsingaron tukunyar ƙasa da aka gasa, ka wanke ba sabulu, ka kwantar da karan a kai, ka zagaya da zaren ɗinki sau uku ko huɗu, ba da ƙarfin da zai yanke shi ba. Cikin wata ɗaya zuwa biyu saiwa za ta kama da kanta. Kafin ka sa dutse, ɗiga masa ruwan tsami na binega; idan ya yi kumfa, yana da farar ƙasa, a bar shi. Itace kuma sai busasshe ƙwarai mai tauri, a ɓare ɓawon, a tafasa, a jiƙa har ya nutse. Ɗanyen itace da na bedi kada su shiga.

Kiripto da Balisneriya yashi suke so mai kaurin santimita 4 zuwa 5. Yashin gulbi mai ɗan tsakuwa ya yi, a wanke har ruwan ya fita garau, a zuba masa tafasasshen ruwa. Rage tsawon saiwa zuwa santimita 3, ka tura ta cikin yashi, sannan ka ɗan jawo tsiron sama har mahaɗar ganye da saiwa ta fito fili. Bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsu.

Kifin da za ka zuba ma yana cikin lissafi. Gufi, moli, filati da gurami ba su ɓarna. Karfasa da jan kifin nan na ado mai babban ciki suna cin ganye mai laushi suna tonon yashi, tarwaɗa kuma tumɓuke komai take yi. Mai irin waɗannan ya tsaya ga Anubiyas da Mikrosorum a kan dutse.

Bayan dasawa

Watan farko a bar fitila awa 6, a ƙara zuwa 8 idan an ga sabon toho. Duk mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe bai zama canjin ruwa ba, domin ruwa ne kawai ke tashi, gishirin ma'adinai yana nan yana taruwa, kuma a rani da fanka a kai wannan taruwar tana sauri.

Kashin kifi da ragowar abinci suna ba waɗannan tsirrai yawancin abin da suke buƙata. Idan sabon ganye ya fito fari-fari, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, a nemi takin ruwa na akwatin kifi a sa rabin abin da aka rubuta. Kiripto yana amfana da ƙwayar taki da ake turawa cikin yashi kusa da saiwa duk bayan watanni uku. Takin gona, musamman yuriya, kada ya kusanci akwatin, yana komawa amoniya a ruwa ya kashe kifi cikin dare ɗaya.

Idan karan Anubiyas ya yi tsawo ya tara ganye takwas ko fiye, a yanka shi biyu da reza mai tsabta, kowane ɓangare da ganye uku aƙalla, a ɗaura a sabon dutse. Seratofilum da kainuwa za a riƙa ragewa kusan duk mako. Abin da aka rage a ba wani mai akwati, ko a shanya shi a rana ya bushe ƙurmus kafin a zubar. Kada a watsa shi a magudana ko kududdufi, domin ruwan damina zai kai shi Gulbin Maradi, kuma baƙon tsiron ruwa idan ya kama wuri, fitar da shi aiki ne na shekaru.